Neman shawara: ɗan'uwanmu ya rasu shi kaɗai a ɗaki a Landan, yaya za mu yi da suturarsa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wani bawan Allah ɗan gida, mai shekara hamsin da 'yan kai, ya rasu a ɗakin da yake haya a gabashin Landan. Kwana huɗu ba wanda ya sani, sai da maƙwabcin ɗakinsa ya lura takalmansa ba su gusa daga bakin ƙofa ba, wayarsa kuma ta yi ta ruri har cajinta ya ƙare. 'Yan sanda sun zo, an kai gawar mutuware, an ce tana hannun jami'in binciken musabbabin mutuwa, wanda a nan ake kira Coroner. Yau kwana uku ke nan.

Aikinsa sharar ofisoshi da dare. Takardunsa na zama sun daɗe da ƙarewa, ba shi da dangi a ƙasar nan. Mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'ya biyar suna gida.

Na shiga ɗakin jiya. Katifa a ƙasa, hita a kashe an naɗe wayarta a jikinta, cikin wannan sanyin. Kan taga akwai kwalin maganin hawan jini da aka aiko masa daga gida, wa'adinsa ya wuce tun bara. Cikin wata leda kuma rasiɗan tura kuɗi ne a jere, wata bayan wata, ba fashi. Daga wannan tagar ana hango dogayen gine-ginen bankunan Canary Wharf, fitilu a kunne har asuba. Tafiyar da ba ta wuce a yi ta a ƙafa ba, amma mutumin da yake goge teburan irin waɗannan wuraren ya kasa kunna hita. Tun jiya barci ya gagare ni. A gida ko almajiri ya faɗi a kasuwa, kafin la'asar an yi masa sutura.

Mun tara fam 1,150. Wa ke da ikon karɓo gawar tunda ba dangi? Za a iya hana a yanka shi? Iyali suna kuka a kai shi gida. Mun kuma ji cewa wanda ba a zo nema ba ƙone shi ake yi. Sannan irinsa suna da yawa a cikinmu, me za mu yi kada a sake?

Amsa daga mai hidimar jana'iza a masallaci:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, abu na farko gobe da safe: ku zaɓi mutum ɗaya tak ya zama bakinku, ya kira ofishin Coroner na yankin da aka yi rasuwar. Idan mutum biyar suna kira kowa da maganarsa, ofishin zai tsaya sai ya tantance wa zai saurara, kwanaki su ƙaru. Wanda kuka zaɓa ya faɗa musu abu uku: mamacin Musulmi ne, binne shi za a yi, kuma ana son a gaggauta saboda addini. Ya biyo bayan kiran da saƙon imel domin a samu shaida a rubuce.

Za su nemi magajinsa na kusa. Ku sa matarsa ko babban ɗansa ya rubuta 'yar takarda da Turanci cewa sun wakilta wane ya tsaya musu, a sa hannu, a ɗauki hotonta tare da katin shaidar mai sa hannun, a turo ta WhatsApp. Sunan mamacin ya zo daidai da yadda yake a fasfo, harafi da harafi. Yawan jinkirin da ake samu daga nan yake fitowa: a unguwa an san mutum da suna ɗaya, fasfo na ɗauke da wani, takardar haya kuma da na uku.

Maganar yanka. Tunda an same shi a mace kuma ba likitan da yake duba shi, da wuya a tsallake binciken gawa, kuma ikon na Coroner ne, ba ya buƙatar yardar iyali. Abin da kuke da shi shi ne roƙon a fara da hoton na'urar CT, mai nuna cikin jiki, maimakon wuƙa. Ku roƙa da wuri, kafin a sa ranar binciken. A wurare da yawa iyali ne ke biyan kuɗin hoton, kuma idan hoton bai nuna musabbabi ba, za a koma ga yankan. Gawar da ta kwana huɗu a ɗaki hotonta ba ya fita sosai, saboda haka ku tambayi ra'ayin jami'in kafin ku zuba kuɗin da kuke buƙata wajen kabari.

Bayan bincike hanya biyu ce. Idan ajali ne na rashin lafiya, Coroner zai aika wa ofishin rajistar mutuwa, ku je ku yi rajista, a ba da izinin binnewa. Ba sai dangi ba, wanda ya ɗauki nauyin jana'izar yana iya yin rajistar. Idan kuwa za a buɗe zaman bincike, shi Coroner zai ba da takardar izinin binnewa da takardar shaidar mutuwa ta wucin gadi, ba sai kun jira ƙarshen zaman ba. Ba makabartar da za ta binne mutum sai ta ga takardar izini, don haka kada ku sanar da lokacin salla kafin takarda ta shigo hannu. Ku karɓi kwafin shaidar mutuwa uku ko huɗu, wasu bankuna da wasu wurare ba sa karɓar hoto.

Amsa daga mai aikin ba baƙi shawara kan haƙƙoƙinsu:

Allah ya gafarta masa. Malam, zancen ƙonewa yana da tushe amma ba yadda ake yaɗa shi ba. Dokar lafiyar jama'a ta 1984, sashe na 46, ta ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin jana'izar duk wanda ya mutu a yankinta ba a samu mai yi masa ba. Da yawansu ƙonewa suke zaɓa domin ya fi arha. Amma wannan sashen ya hana su ƙone mutum idan suna da dalilin ganin cewa hakan ya saɓa wa abin da mamacin yake so. Hatsarin yana kan wanda ba a san addininsa ba. Ku da kuka bayyana kuka ce Musulmi ne, a rubuce, kun rufe wannan ƙofar.

Idan kuɗi ya gagara gaba ɗaya, wannan hanyar tana nan, ba ta duba takardun zama. Sai dai ku san abin da ke cikinta: su ke zaɓar rana da makabarta, yana iya ɗaukar makonni, kuma sau da yawa kabarin haɗaka ne da wasu, ba lallai a ɓangaren Musulmi ba. Kuma ba a haɗa biyu. Da zarar ɗayanku ya sa hannu a takardar kamfanin jana'iza, bashin ya hau kansa shi kaɗai, hukuma ba za ta biya ba, ba za ta mayar da abin da aka kashe ba. Kada kowa ya sa hannu cikin zafin zuciya sai kuɗin ya cika ko an samu wanda ya yi alkawarin cikawa.

Akwai tallafin jana'iza na gwamnati, wanda ke biyan kuɗin kabari da har fam 1,000 na sauran hidima, ana nema cikin wata shida bayan jana'iza. Amma sai mai neman yana karɓar wasu tallafin gwamnati, kuma ana duba kusancinsa da mamacin. Wanda aka rubuta wa a bizarsa cewa ba shi da haƙƙin kuɗin jama'a kada ya kuskura ya nema, zai iya ɓata masa takardu.

Sai abin da ya bari. Idan yana da asusun banki da sunansa, yawancin bankuna suna biyan kuɗin jana'iza kai tsaye daga ciki in an kai musu shaidar mutuwa da takardar kuɗin kamfanin. Kada kowa ya ɗauki katinsa ya je ya cire kuɗi ko da ya san lambar sirrin, ko da niyyar alheri ce, laifi ne. Bashin da ake binsa daga abin da ya bari ake biya, ba a bin abokai. Kafin ku taɓa kayan ɗakin, mutum biyu su tsaya a ɗauki hoton komai, a rubuta, su sa hannu. Ku tambayi mai gidan kuɗin ajiyar haya, ku tambayi wurin aikinsa albashin kwanakin ƙarshe. Haƙƙin marayu ne, ko fam ashirin ne.

Amsa daga wani dattijo:

Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya. Maganar kai shi gida zan yi, domin a nan ne zumunci ke ɓaci.

Kafin gawa ta bar Ingila sai an cika Fom 104 an miƙa wa Coroner, a bisa ƙa'ida a jira kwana huɗu kafin izini ya fito, sai in shi ya rage. Kamfanonin jirgi suna neman a yi wa gawa allurar hana ruɓewa, a sa ta cikin akwatin da aka lulluɓe cikinsa da kwano aka like. Ga takardar ofishin jakadanci, ga fasfonsa, ga kuɗin dakon jirgi da ake lissafawa da nauyi, ga wanda zai tsaya a filin jirgin Legas ko Abuja ko Kano ya fitar da ita, ga motar da za ta ƙarasa da ita gari. Dubban fam ne, kuma ya fi kuɗin binnewa a nan in an samu makabarta mai sauƙi. Gawar da ta kwana huɗu a ɗaki, aka kuma yi mata bincike, allurar ba ta kama ta yadda ya kamata. Ƙarshenta a kai akwati gida a ce kada a buɗe, tsohuwa ba ta ga fuskar ɗanta ba, kuɗin da zai riƙe yara biyar a makaranta ya tafi a jirgi.

Sunna ita ce a gaggauta, kuma ƙasa duk ta Allah ce. Amma kada ku faɗa wa mahaifiyarsa haka kai tsaye ta waya, ku yara ne a wurinta. Ku nemi limamin unguwarsu ko babban ƙanin mahaifinsa, ku yi masa bayani dalla-dalla har da halin da gawar ke ciki, shi ya je ya zauna da ita. Ku yi alkawarin abu uku kuma ku cika: za a kira su ta bidiyo lokacin salla, za a aiko musu da lambar kabari da hotonsa, ragowar kuɗi kuma za a damƙa shi a gaban shaidu. Ku faɗa musu ranar da bincike ya nuna ya rasu, ba ranar da aka gano shi ba, saboda lissafin takabar matarsa.

Wata 'yar'uwa:

Baba, gaskiya ka faɗa, amma ina roƙon kada a yanke hukunci kafin a ji ta bakin tsohuwar. Shekaru nawa ba ta gan shi ba saboda rashin takarda, ko rasuwar dangi bai iya zuwa ba. A ba ta haƙƙinta na a nemi yardarta, ko da amsar ɗaya ce. Kuma a sa mace ta yi magana da matarsa daban, a irin wannan lokaci maza sukan yi shawara a zaure a manta da ita.

Mai hidimar jana'iza ya ƙara:

Hajiya ta yi daidai. Sai batun kuɗi. Tun 2021 doka ta tilasta wa kamfanonin jana'iza su bayyana jerin farashinsu a fili, saboda haka ku nemi lissafi a rubuce daga wuri biyu ko uku: ɗauko gawa, ajiya a sanyi kowace rana, wanka da likkafani, mota, kabari, haƙa. Kabari ne ke cinye mafi yawa. Makabartun ƙananan hukumomi suna ninka kuɗi biyu ko uku ga wanda ba mazaunin yankinsu ba, don haka ku nemo duk takardar da ke ɗauke da sunansa da adireshin ɗakin. Binnewa ranar Asabar ko Lahadi ma da ƙarin kuɗi a wurare da yawa. Ku tambayi makabartun Musulmi irin su Gardens of Peace da ke Hainault, da manyan masallatan gabashin Landan, ku faɗa musu a fili cewa mamacin fakiri ne ba shi da kowa. Akwai ƙungiyoyin Musulmi masu asusun irin wannan, masallatan za su nuna muku. Ranar Juma'a a roƙi liman ya yi sanarwa, a faɗi adadin da ya rage daidai, mutane sun fi bayarwa idan sun ji adadi.

Wajen wanka, ku bar shi ga waɗanda suka saba, mutum uku ko huɗu da safar hannu da rigar leda da takunkumi. Fatar gawar da ta jima tana saluɓewa, saboda haka ba a cuɗawa, ruwa ake kwararawa a hankali, wutiri, na ƙarshe da kafur. Inda ruwan ma zai ɓata jiki, taimama ake yi. Wurin ɗinkin bincike yana tsattsafo, a sa auduga mai kauri a rufe da leda kafin likkafani, in ba haka ba farin ƙyallen zai ɓaci kafin a isa makabarta. Ƙyalle uku ya wadatar, kowanne ya zarce tsawonsa da kamar kamu ɗaya domin a samu abin ɗaurewa ta kai da ta ƙafa. Da hunturu rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, makabartu na rufewa da wuri, gara a yi salla da azahar a wuce kai tsaye.

Amsa daga ma'aikaciyar jinya:

Ƙanina, kwalin maganin nan da ka gani shi ya fi tsaya min a rai, don a kansa amsar tambayarka ta ƙarshe take. Mutanenmu marasa takarda suna gudun asibiti saboda tsoro, alhali a Ingila yin rajista da likitan unguwa, wato GP, kyauta ne ga kowa, ba a buƙatar fasfo ko biza ko shaidar adireshi. Idan mai karɓar baƙi ta ce sai da takarda, a nemi ganin manajan wurin, ko a tafi da wani ɗan'uwa mai jin Turanci sosai. Ƙungiyar Doctors of the World tana taimaka wa waɗanda aka ƙi yi wa rajista. Sashen gaggawa kyauta ne ga kowa, haka maganin tarin fuka. Inda kuɗi ke shigowa shi ne idan an kwantar da mutum ko an tura shi wajen ƙwararren likita. Nan ana cajin wanda ba shi da izinin zama, kuma bashin da ya kai fam 500 aka yi wata biyu ba a biya ba ana iya sanar da ma'aikatar cikin gida. Duk da haka ba a hana maganin ceton rai don rashin kuɗi, kuma ana iya daidaitawa a riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Mai ƙaramin ƙarfi ya cika fom HC1, in ya dace a ba shi takardar HC2, magani ya zama kyauta. Wanda ya kai shekara 60 ma ba ya biya. Kantunan magani da yawa suna auna hawan jini kyauta ga wanda ya kai arba'in. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa mutum yake sha yau ya bari gobe, ga aikin dare, ga ɗaki mai sanyi wanda shi ma yana ƙara hawan, ga dunƙulen miya da gishiri. Ku sayi na'urar awo ɗaya ta dantse ku ajiye a wurin taronku. Wanda awonsa ya yi ta kaiwa 140 bisa 90 ya ga likita. Wanda ya kai 180 bisa 120 a nemi likita a ranar, in da ciwon ƙirji ko karkacewar baki ko nauyin harshe a kira lambar gaggawa 999 nan take.

Amsa daga ma'ajin wata ƙungiyar 'yan gida:

Ku kafa asusun jana'iza yanzu da zukata suke da taushi, bayan sadakar bakwai kowa zai koma harkarsa. Mutum 60, fam 10 a wata, fam 7,200 ke nan a shekara. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, ba a fitar da kuɗi sai biyu sun yarda. Asusun mutum ɗaya shi ke kashe irin wannan tafiya: in ya rasu banki ya rufe kuɗin da nasa, in ya shiga matsi ya ranta da niyyar mayarwa. A rubuta ƙa'ida a shafi ɗaya: na binnewa a nan ne kawai, ba a ba da rance, ba biki ba suna, kuma ga abin da za a yi wa wanda ya kasa biya saboda rashin aiki. A karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. Ku kira shi gudummawar juna, kada ku yi wa kowa alkawarin cikakkiyar jana'iza a madadin kuɗinsa, domin tun 2022 sayar da irin wannan tsari sai da izinin hukumar kula da harkokin kuɗi.

Kowane mamba ya cika kati: suna kamar yadda yake a fasfo, ranar haihuwa, adireshi, lambar mutum biyu a gida, da layi ɗaya da sa hannunsa cewa shi Musulmi ne, a binne shi, kada a ƙone. Kada a tambayi kowa matsayin takardunsa, kada a rubuta. Katunan su zauna wajen liman da mutum ɗaya amintacce. Masu zama su kaɗai a haɗa su biyu-biyu, kowa ya ji ɗuriyar ɗan'uwansa kullum, ko da gaisuwar asuba ce a waya. Kwana ɗaya shiru a kira, kwana biyu a je a ƙwanƙwasa, in ba amsa a kira 'yan sanda su duba.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Mun wakilta mutum ɗaya, takardar matarsa ta iso. Ƙanin mahaifinsa ya zauna da tsohuwa, ta ce ta yafe masa, a binne shi inda Allah ya karɓi abinsa. Coroner ya ce gobe za a yi binciken. Abin da ya rage mana, mai gidan yana matsa mana mu kwashe kaya kafin ƙarshen mako, wayarsa da fasfonsa kuma suna hannun 'yan sanda.

Mai ba da shawara:

Ku nemi lambar fayil ɗin da 'yan sanda suka buɗe ranar da aka gano shi, jami'in ofishin Coroner yana da ita. Wakilinku ya je da ita da takardar matar da katin shaidarsa, a ba shi kayan ya sa hannu. Mai gida kuma a rubuta masa saƙo cewa za a kwashe rana kaza, kada ya zubar da komai kafin nan, a tambaye shi kuɗin ajiya a cikin wannan saƙon. Ledar rasiɗan nan kada ta ɓata. Ku sa ta a jakar da za a aika gida tare da carbinsa da tufafinsa, a damƙa wa babban ɗansa hannu da hannu.